Jirgin ƙasa na tafe Maraɗi, to ina rabon ƙauye?

Ɗan Gulbi: Assalamu alaikum mutanen zaure. Ina da tambaya, kuma don Allah manya su sa baki. Tun da aka fara aikin layin dogo daga Kano, duk hirar da nake ji a majalisa ta babbar tashar Maraɗi ce: ina za a gina ta, a wace unguwa fili zai yi tsada, wa zai samu shago a bakinta. Ban ji mai maganar ƙauyukan da dogon zai ratsa ba. Daga Jibiya zuwa nan akwai mutane, akwai gonaki, akwai kasuwanni. In an yi musu ƙaramar tasha, aikin me za ta yi musu? Ko nasu kallo ne kawai, jirgi ya wuce yara su ɗaga hannu?

Mushe na Ɗan Isa: Wa alaikumus salam. Tambaya ta yi ma'ana. Bari in fara aza abin da ke a rubuce. Layin kilomita 284 ne daga Kano zuwa Maraɗi. Kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ne ya samu kwangilar a watan Janairun 2021, a kan kuɗi kusan dalar Amurka biliyan 2, kuma marigayi Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 9 ga Fabrairun 2021. Zai bi ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan ya shigo mana. Akwai kuma reshe daga Kano zuwa Dutse. Ka lura, duk sunayen da rediyo ke maimaitawa garuruwa ne masu nauyi. Ƙauye ba ya cikin labari.

Shofer Mai Tirela: Mushe, irin wannan lissafin mun sha shi. Ni kullum ina hanyar Yamai. Ga tasha can an gina, an yi mata fenti, ga dogo shimfiɗe gefen gudron har Doso. Wa ya taɓa yankar tikiti a cikinku? Awaki ne ke kwana bisa shi. Ku bari mu ga kan jirgi a Maraɗi da idonmu tukun, sannan a yi gardamar ƙauye.

Mushe na Ɗan Isa: Gaskiyarka a kan Yamai. An buɗe tashar ranar 7 ga Afrilun 2014, kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa dogo wajen kilomita 140 zuwa Doso, aka yi bikinsa a farkon 2016, kuma har yau bai ɗauki fasinja ko kaya na kasuwanci ba. Amma dalilin a fili yake: layin bai haɗu da komai ba. Nufin shi ne ya gangara Gaya ya tsallaka ya tarar da tsohon layin Benin wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya Paraku tun 1936. Tsakanin Doso da Paraku babu ƙarfe ko ɗaya. Namu kuwa daga Kano ya taso, inda kasuwa take.

Hajiya Mai Aya: Shofer, ba a fafe gora ranar tafiya. In ka bari sai jirgi ya iso sannan ka buɗe baki, an riga an zuba kankare an gama. Ni dai a bar yaron nan ya samu amsa.

Ɗan Gulbi: Na gode Hajiya. Akwai wanda ya taɓa zama kusa da irin wannan tashar a cikinmu? Ba wanda ya gani a salula ba.

Tsoho na Bagalam: Salamu alaikum. Jikana ne ka rubuta mini, ni na ka faɗi. Ɗana, ni na zauna. Bayan samun mulkin kai kaɗan, ina yaro, anka kai mu karatun allo gabas, malaminmu ya sauka wani ƙauye bisa layin Kano zuwa Nguru. Tsangayarmu da tasha jifa ɗaya ne.

Tashar ba wani abin kallo ba ce. Ɗaki guda na kwano, da taga inda ake saida tikiti, da benci ƙarƙashin baranda. Ciki akwai waya wadda tashamasta ka magana da tasha ta gaba da ta baya. Akwai ƙararrawa, akwai tuta ja da kore, da dare fitila. Dogon guda ɗaya ne tun daga Kano, amma in ya kawo tasha sai ya rabu biyu, don jirgin da ya taho daga gabas da wanda ya taho daga yamma su kauce ma juna. Wanga shi ne babban aikinta na hwarko. Direba ba shi wuce tasha sai an miƙa mishi wata sanda ta ƙarhe, shaidar hanya tashi ce shi kaɗai har tasha ta gaba. In ya isa can ya bada ta. Ba sanda, ba tahiya, ko gwamna ne cikin jirgin.

Sai tankin ruwa bisa ƙafafu, don jirgin lokacin gawayi da ruwa shi ka ci. In ya tsaya shan ruwa, nan kasuwa ta ci: mata da hura, ƙosai, dahwahwen ƙwai, rake, ana miƙawa ta taga ana jeho kuɗɗi. Mu almajirai nan muka samun na dare.

Amma abin da ya riƙe garin ba fasinja ba ne. Sikeli ne da sito. Bayan tasha akwai wani guntun dogo inda ake aje tarago wohi. Da kaka ta yi, jakkai da raƙumma sun yi ta sauke gyaɗa, ƴan baranda na awo, ƴan dako na jido, a cika tarago a ƙulle, jirgin kaya ya biyo ya ja. Da ya dawo ya aje goro, gishiri, kananzir, atamfa. Wasiƙa ma ta nan ta ka zuwa. Mai ɗa a Ikko in zai aiko saƙo, tashamasta ya sani kahin uwa ta sani. Agogon gari kuwa jirgi ne. Ba mai cewa ƙarhe kaza, sai dai kahin jirgin sahe ko bayan na marece.

Ɗan Gulbi: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ban taɓa sanin zancen sandar nan ba.

Hajiya Mai Aya: Kun ji ko? Sikeli da sito. Baba ya gama magana.

Mushe na Ɗan Isa: Abin da Baba ya gani da ido, tarihi ya tabbatar da shi. Dogo ya iso Kano a 1911. Turawan Ingila auduga suka sa rai za ta cika taragon, sai manoma suka ga gyaɗa ta fi kuɗi suka koma mata. Daga baya aka ja rassa biyu zuwa arewa, kuma dukansu inda amfanin gona yake aka nufa: ɗaya daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929, ɗaya daga Kano ta Ringim da Malam Madori ya tsaya Nguru a 1930. Dubi Malam Madori. Haɗeja ce gari mai sarki, amma dogo bai bi ta cikinta ba, ya bi ta gefe. Sai kamfanoni da ƴan kasuwa suka tare a bakin tasha, wurin ya zama gari. Funtuwa ma dogo da injin gurzar auduga ne suka ɗaga ta.

Mu nan kuma, duk da ba mu da dogo, da shi muka yi arziki. Gyaɗar Maraɗi da ta Tasawa ta Kano take bi, a loda ta a jirgi zuwa Ikko. Dalar gyaɗar Kano da ake ta nuna hotonta, ba don ado aka yi ta ba: taragon ne ba su isa kwashe kayan ba, dole aka jibge buhuna suna jiran layi. Wannan cunkoson, da son Faransa kuɗinta ya tsaya cikin yankinta, su suka sa a farkon shekarun 1950 aka kawo tsarin da suka kira Hirondelle: motoci su ɗauki gyaɗarmu su yi kusan kilomita 1,000 zuwa Paraku, a sa ta jirgin Kwatano, su dawo da kayan kanti. Kano na nan kusa, amma aka zagaya da mu.

Ɗiyar Madarumfa: Baba, Allah ya ja kwana, labarinka ya yi daɗi. Amma ku yi mini haƙuri in ce wani abu. Ana ba da tarihin nan kamar alheri aka zo yi wa talaka. Waɗanda suka haƙa ƙasa suka aza ƙarfen zuwa Kano, da yawansu ta hannun sarakuna aka ɗebo su, ba don suna so ba. An sa haraji da kuɗi, manomi ba shi da hanyar samun kuɗin sai ya noma abin da kamfani ke saye, a farashin da kamfani ya yanka. Tashar ƙauye bakin rumbun Bature ce. Shi ya sa ma da gyaɗa ta faɗi, bayan farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya ta cinye gonaki, tashoshin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. An gina su a kan kaya iri ɗaya tak.

Tsoho na Bagalam: Ɗiyata, ba ki yi ƙarya ba. Sikelin ma ba kullum shi ka faɗin gaskiya ba, mun ga manomi na kuka gaban ɗan baranda. Amma wanda ya kai mara lahiya Kano cikin yini guda, alhali da sai a yi kwana da kwanaki bisa jaki, shi ma ki tambaye shi.

Ɗiyar Madarumfa: Na yarda Baba. Abin da nake tsoro shi ne a sake maimaita shi: kwantena ta taso daga teku ta wuce ta kan gonar kakana ta sauka Maraɗi, manyan alhazai su kwashe, mu kuma ƙura.

Shofer Mai Tirela: To ai abin da zai faru ke nan, ƙanwata. Ku bar ni in gaya muku yadda kaya ke tafiya, don sana'ata ce. Hajiya na da buhu ɗari na aya a ƙauye. Ni in je har ƙofar sito, a loda sau ɗaya, in sauke mata cikin kasuwar Dawanau ta Kano gaban mai saye. Da jirgi fa? A ɗauko a amalanke zuwa tasha, dako ɗaya. A sa a tarago, dako biyu. A sauke Kano, uku. A sa wata mota zuwa kasuwa, huɗu. Kowane dako da kuɗinsa, kowane ɗagawa da buhun da zai fashe. A gajerar tafiya jirgi ba ya kayar da mota. Ko can Najeriya abin da ya kashe tsohon reluwe ke nan, da aka yi kwalta ko'ina.

Hajiya Mai Aya: Ka manta ba ka lissafa shingaye ba, Shofer. Daga nan zuwa Kano sau nawa kake tsayawa kana sa hannu aljihu? Wa ke biya a ƙarshe, ba ni ba? Ranar nan mota ta kwana biyu a hanya da wakena, ba lalacewa ta yi ba, ba komai ba, takarda ce wai ba ta cika ba. Jirgi ba mai tare shi da igiya da ganga.

Shofer Mai Tirela: Hajiya, wannan kam kin taɓo inda ke mini ciwo. Amma kar ki ɗauka duwan, wato kwastan, za ta bar tarago ya wuce ta ce masa a sauka lafiya.

Mushe na Ɗan Isa: Ku biyun kowa na da rabin gaskiya. Jirgi yana cin riba ne a kaya mai nauyi da tafiya mai nisa: siminti, takin zamani, shinkafa, ƙarfen gini, dabbobi zuwa kudu. To a nan akwai abin da ba a cika faɗa ba, wato faɗin dogo, tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu. Sabon layin nan faɗinsa milimita 1,435 ne. Tsohon layin Najeriya da Baba ya sani 1,067 ne. Na Yamai zuwa Doso da na Benin 1,000 ne. Jirgin wannan ba ya hawa na wancan. Ke nan taragon da ya tashi Maraɗi ba zai gangara Ikko a kan tsohon layi ba. Sabon kuwa guntu-guntu yake: Abuja zuwa Kaduna tun 2016, Legas zuwa Ibadan tun 2021, Kaduna zuwa Kano an fara shi a 2021. Sai an ɗinke tsakanin Ibadan da Abuja kafin a ce daga teku har Maraɗi ba sauke kaya.

Bakatsine a Maraɗi: Salam. Ni ɗan'uwanku ne daga ƙetare, a nan nake kasuwanci. Ina ta karantawa, na ga kamar kuna zaton sabuwar tasha irin ta Baba ce. Na sha shiga jirgin Abuja zuwa Kaduna. Tsakanin tashar Idu ta Abuja da ta Rigasa ta Kaduna akwai ƙananan tashoshi, irin su Jere da Rijana. Gini mai kyau, an kewaye da waya, ga jami'an tsaro. Amma jirgin da na fi shiga daga Kubwa, a gefen Abuja, ba ya sake tsayawa sai Rigasa. Ba mai fura a taga, tagar ma ba ta buɗuwa, sanyi ne ke aiki a ciki. Ba sikeli, ba buhu. Tun 2021 ta intanet ake sayen tikiti, kuma bayan harin da aka kai wa jirgin a watan Maris na 2022, da aka dawo da jirgin a Disamba, sai da lambar katin ɗan ƙasa ake sayar maka. Yanzu ku ɗauki tsohuwa daga ƙauyen Gabi da za ta gaida ɗiyarta a Katsina. Ina ita ina intanet?

Ɗan Gulbi: Kai! To da wane kuɗin ma za a yanki tikitin, sefa ko naira?

Bakatsine a Maraɗi: Ga shi nan. Kuma katin wace ƙasa za a nuna a taga. Irin tambayoyin da ya kamata a yi tun yanzu ke nan.

Shofer Mai Tirela: Ku ƙara da wannan: ranar da aka wayi gari an rufe iyaka fa? Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 mun gani. Daga 2023 zuwa Maris na 2024 mun sake gani. Mu masu mota ko ba komai mun juya mun yi Zinder ko Tawa da wani lodin. Jirgi ina zai juya? Sai ya tsaya Jibiya yana kallon Ɗan Isa.

Wani Ɗan Zariya 2: Ai laifin waɗanda suka sa mana takunkumi ne, su ne suka...

Mai Kula da Zaure: Dakata malam. Mun yi alkawari a zauren nan ba a shiga wa ke da laifi tsakanin gwamnatoci. Rufe iyaka ya faru, kowa ya ji a jikinsa, an ambata, ya isa. A koma kan tasha.

Jikan Arɗo: Assalamu alaikum. Kowa na maganar abin da zai hau jirgi, ni ina maganar abin da jirgi zai hau. Tsohon jirgin Baba a hankali yake tafiya, makiyayi na hango shi ya kore shanu. Wannan mai gudu ne, kuma an ce irinsa shinge ake yi masa hagu da dama. Dabbobinmu da damina arewa suke yi, da rani su gangaro kudu wajen Baban Rafi da gulbi da tafkin Madarumfa. Dogon zai yanke burtali ko an so ko ba a so. In ba a bar mashiga ba, garke zai bi gefen waya yana neman ƙofa, ya faɗa gonar mutane, kun san kuma abin da ke biyo baya. Ni tasha ba ta dame ni ba kamar mashiga.

Ɗiyar Madarumfa: Ba makiyaya kaɗai ba. Akwai wanda gidansa zai kasance gabas da dogo, gonarsa yamma. Akwai rijiya, akwai lakwal, akwai maƙabarta. Matar da ke zuwa ɗibar ruwa da tafiyar minti kaɗan, a mayar mata da shi zagayen rabin yini, wane jirgi za ka yi mata waƙarsa?

Tsoho na Bagalam: Wanga yaro na Arɗo ya yi magana. Ko wancan zamanin an sha rigima kan saniya da jirgi ya take. Amma akwai abu guda da ban hwaɗi ba ɗazu. Tashar nan ta ba mutane aiki. Kowane yanki na dogo da leburorinshi da helumansu, kullum sahe suna bin shi da guduma suna duba ƙusa, suna gyaran tsakuwa, da damina suna tsaron inda ruwa ka cin ƙasa. Gidajensu na nan jere bayan tasha. Albashi ne duk wata cikin ƙauyen da ba a san albashi ba. Mai tebur, mai tuwo, mai wanki, duk da su sunka tashi. Manyan ma'aikatan kuwa mutanen kudu ne galibi, don su ad da boko. In za a yi muna tasha, a ɗauki ɗiyanmu, kar a kawo har mai shara daga wani wuri.

Mushe na Ɗan Isa: Baba, wannan ya sa nake gaya wa ɗalibaina su dubi abin da kyau. Najeriya har jami'ar sufuri ta buɗe a Daura saboda wannan harka. Mu a nan wa muke koya wa aikin dogo? In ba a shirya yara ba, ranar ɗaukar ma'aikata za a ce babu mai takarda, kuma ba a yi ƙarya ba.

Ɗan Gulbi: To ni yanzu kaina ya ɗaure. Bakatsine ya ce sabuwar ƙaramar tasha ado ce. Shofer ya ce mota ta fi. Mu haƙura da ita ke nan?

Hajiya Mai Aya: A'a ɗana. Ni ban iya milimita ba, amma na san abin da nake so, kuma ba shi da yawa. Wuri mai rufi inda zan aje buhu ruwa bai taɓa shi ba, ɓera bai ci ba. Sikeli na hukuma wanda ni da mai saye duk muka yarda da shi. Kuma a karɓi kaya kaɗan. In aka ce sai mai cika tarago guda, to an yi wa mutum biyar ne a duk Maraɗi, kuma kun san su. A ce mai buhu goma, mai buhu ashirin, mu haɗa mu cika, kowa da takardarsa. A sa rana a mako wadda aka san jirgin kaya na tsayawa, ko da sau ɗaya ne, a daidaita ta da kasuwa. Jibiya na ci Lahadi, Maraɗi Litinin da Juma'a, ai ba sai an kawo masani daga waje ya gano wannan ba. Aya, wake, riɗi, fatar jar akuya, zogalen Jiratawa busasshe, duk masu jure hanya ne. Ba iri ɗaya ba ne kamar zamanin gyaɗa, in wannan ya faɗi wancan na tsaye.

Ɗiyar Madarumfa: Inna, in haka ne na sauko. Amma sito da sikelin su kasance a hannun ƙungiyar manoma da kwamin, wato ƙaramar hukuma, ba a ba wani mutum ɗaya haya ba. In ba haka ba ɗan barandan da Baba ya ba da labari ne zai dawo da sabuwar riga.

Shofer Mai Tirela: Kuma wa zai kawo buhunan daga ƙauyuka zuwa tashar taku? Mu ne dai. To a yi hanyar laterit mai kyau zuwa bakinta, da filin da mota za ta juya. Na ga wuraren da aka gina sito mai kyau, da ruwan farko ya sauka ko amalanke ba ya isa gare shi.

Bakatsine a Maraɗi: Lura da abu ɗaya: guntun dogon ajiye tarago da Baba ya ambata, shi ne ba a iya ƙarawa da sauƙi daga baya. Benci da rumfa ko yaushe ana yi. Amma raba layi, da na'urar juya shi, da fili, in ba a sa su a zanen farko ba, sai an sake kwangila. Inda jirage za su kauce wa juna dole a yi shi a wasu wurare tun da layin guda ne. Abin nema shi ne inda za a yi makaucin, a haɗa masa da wurin lodi.

Mushe na Ɗan Isa: Wannan ita ce magana mafi amfani da aka yi yau. Kuma Ɗan Isa ko kusa da ita dole a yi wani tsayi, ko don duwan da ƴan sandan iyaka. Tun da jirgi zai tsaya a duba takardu, me zai hana a buɗe ƙofa mutum ya hau, a ɗaura tarago ɗaya na kaya?

Wani Ɗan Zariya 2: Mushe kana ja wa garinku ne kawai.

Mushe na Ɗan Isa: Ina ja mana. Kai ma ja wa naku, sai a ga wanda hujjarsa ta fi.

Mai Kula da Zaure: To jama'a, kar ta ƙare a salula. Cikinmu akwai masu shiga wurin magajin gari, akwai ƴan ƙungiyar ƴan kasuwa, akwai na kusa da masu gari. Mushe, za ka iya tsara takarda da Faransanci? Ɗiyar Madarumfa ta yi ta Hausa don a karanta wa masu gari da gidajen rediyo.

Mushe na Ɗan Isa: Zan yi, in Allah ya so, bayan na gama gyaran takardun jarrabawa. Kowa ya turo abin da yake so a sa, a taƙaice.

Ɗiyar Madarumfa: Na ɗauka. Zan ƙara da taga ta sayen tikiti da hannu, da kuɗin sefa, da katin ɗan ƙasa namu.

Jikan Arɗo: A sa mashigar dabbobi a kan kowane burtali, a tambayi makiyaya inda yake kafin a zana. Kuma in ta ƙarƙashin dogo za a yi ta, tsawonta ya kai raƙumi da kayansa ya wuce, ba jaki kaɗai ba.

Shofer Mai Tirela: Faɗinta kuma ya ɗauki amalanken shanu da lodin kara. Mushe rubuta.